Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jam'iyyu Da Masu Neman Kujerar Sanatan Filato Ta Arewa

Masu girma shugabannin jam'iyyun siyasa na Jihar Filato, da duk wanda ke shirin neman kujerar Sanatan Filato ta Arewa,

Assalamu alaikum. 'Yan'uwanmu Kiristoci kuma, salama a gare ku. Ranku ya daɗe, muna gaishe ku da aiki, muna gaishe ku da jama'a. Allah ya ƙara wa jiharmu zaman lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne, a Jos aka haife ni, a nan na yi aikina har na yi ritaya, a nan kuma aka binne mahaifina. Ba da yawuna ni kaɗai nake magana ba. Muna da wata majalisa da muke zama bayan sallar La'asar a ƙofar shagon wani tela a unguwarmu. Akwai 'yan fansho irina, akwai masu sayar da dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada, akwai direbobin Keke Napep biyu, da wani makanike da ba ya rabuwa da rediyo. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba ko sakatare. Abin da ya haɗa mu shi ne kowannenmu yana da katin zaɓe, kuma kowannenmu ya taɓa tsayawa a layi tun safe har rana ta take. Su ne suka ce tunda ni ne mai alƙalami, in rubuta muku tun kafin guguwar 2027 ta taso, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganarmu a kan kujera ɗaya ce, ta sanatan da ke wakiltar ƙananan hukumomi shida: Jos ta Arewa, Jos ta Kudu, Jos ta Gabas, Bassa, Riyom da Barikin Ladi. Ku ba ni dama in tuna muku yadda wannan kujera ta yi ta yawo, ko da yake kun fi ni sani.

A 2007 Dakta Gyang Dantong ya hau. Aka sake zaɓensa a 2011, sai ajali ya riske shi a watan Yulin 2012 a wajen jana'izar mutanen da aka kashe, ranar da duk mai imani a Filato ya girgiza. Aka yi zaɓen cike gurbi, Gyang Pwajok ya ƙarasa wa'adin, sannan ya fita takarar gwamna a 2015. Jonah Jang ya sauka daga gwamna bayan shekara takwas ya tafi majalisa, ya yi zango ɗaya. Istifanus Gyang ya karɓa a 2019, shi ma zango ɗaya. A 2023 Simon Mwadkwon na PDP ya ci, har aka naɗa shi Shugaban Marasa Rinjaye na Majalisar Dattawa, muƙamin da ba kullum yake zuwa wannan yanki ba. Bai yi wata biyar a majalisar ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen a watan Oktoba, ta ce a sake. Da aka sake a watan Fabrairun 2024, ba tare da PDP a takardar ƙuri'a ba, Pam Dachungyang na ADP ya yi nasara. Mutum shida ke nan daga 2007 zuwa yau, kuma babu ko ɗaya da ya cika zango biyu a kanta.

Mutuwa ba a yi mata ƙorafi, Allah ne mai ita. Amma abin da ya faru a 2023 hannun mutum ne, kuma a kansa za mu daɗe.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, kowa zai tuna, lokacin wahalar takardun kuɗi ne. Mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen biredi. Da ƙyar na samo kuɗin Keke a hannun maƙwabcina na ɗauki tsohuwarmu zuwa rumfar zaɓe, domin ƙafarta ba ta kai ta ko bakin titi. Matasan layin suka ga tsufanta suka buɗe mata hanya, wani ya aro mata benci daga wajen mai shayi. Aka ɗora babban yatsanta a na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe, ta ƙi karɓa. Yarinyar da ke aikin, wata mai bautar ƙasa, ta goge mata yatsan da gefen mayafinta, aka sake, ta sake ƙi. Yatsan da ya shekara sittin yana wanki da tuƙin tuwo, zanensa ya shafe. Daga ƙarshe aka ce ta ɗaga kai ta kalli na'urar, aka ɗauki fuskarta, ta wuce. Ta dangwala, ta fito tana duba tawadar da ke farcenta kamar an yi mata lalle. Ba zan faɗa muku wanda ta zaɓa ba, don ni ma ba ta faɗa mini ba.

Bayan shekara guda na je na ce, "Inna, gobe za a sake zaɓen sanata, in zo da Keke?" Ta dube ni ta ce, "Wancan da na yi fa, ina aka kai shi?" Na fara yi mata bayanin kotu, ta katse ni: "Ni na yi laifin?" Na ce a'a. Ta ce to su je su ƙarata. Ba ta fita ba. Ni na je, kuma a rumfarmu ko layi ban tarar ba. Ejan-ejan na jam'iyyu suna zaune a inuwa suna ta hira, sun kusa fin masu jefa ƙuri'a yawa.

Tambayar tsohuwar nan ce ƙorafinmu na farko. Ba a soke zaɓen nan don an sace akwati ko an yi aringizon ƙuri'u ba. An soke shi ne a kan cewa jam'iyyar da ta tsayar da ɗan takarar ba ta bi umarnin wata babbar kotun jiha na gudanar da zaɓen shugabanninta yadda ya kamata ba, don haka ba ta da tsayayyen shugabancin da zai tsayar da kowa. Rikicin cikin gida ne na 'yan jam'iyya, wanda mai sayar da tumatur a Farin Gada bai san an yi ba, kuma babu mai tambayarsa. A kan wannan dalili aka share sanatoci biyu na jihar nan, da wasu 'yan Majalisar Wakilai, da 'yan majalisar dokokin jiha 16. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mu muka sha rana, lauyoyi suka ci kasuwa.

Sai ga abin da ya fi ciwo. Wannan dalili shi aka kafa aka tsige Gwamna Caleb Mutfwang a watan Nuwamban 2023. Shi da yake shari'ar gwamna tana kaiwa Kotun Ƙoli, ya ɗaukaka ƙara, kuma ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa, ta ce batun yadda jam'iyya ta tsayar da ɗan takararta ba hurumin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ba ne. Su kuwa 'yan majalisa, kundin tsarin mulki ya ce shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Jam'iyya ɗaya, jiha ɗaya, hujja ɗaya, amma hukunci biyu. Ni ba lauya ba ne, kuma a majalisarmu akwai waɗanda suka yi murna da faɗuwar PDP, ba zan ɓoye ba. Amma ko shi makaniken da ya fi kowa murna ya yarda cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Dokar da ta kayar da abokin hamayyarka yau tana nan tana jiran naka ɗan takarar gobe.

Ƙorafi na biyu shi ne abin da wannan ya jawo mana, kuma nan ne nake so ku tsaya ku duba kwanakin da kyau. Daga ƙarshen Oktoban 2023 zuwa Fabrairun 2024, kujerar Filato ta Arewa babu kowa a kanta. A cikin waɗannan watanni ne Shugaban Ƙasa ya gabatar da kasafin kuɗin 2024, a ƙarshen Nuwamba. A cikinsu kwamitoci suka zauna, kowane sanata ya cusa abin da zai iya cusawa na mazaɓarsa, majalisa ta amince da kasafin naira tiriliyan 28.7 a ƙarshen Disamba, aka sa masa hannu ranar 1 ga Janairu. Duk wanda ya san yadda ake rabon nan ya san cewa wanda ba ya wurin, rabonsa sai abin da aka ga damar ajiye masa. Ƙananan hukumomi shida, har da Jos ta Arewa da ta fi kowace ƙaramar hukuma a jihar yawan masu rajistar zaɓe, ba su da mai ɗaga hannu a Majalisar Dattawa.

A cikin waɗannan watanni ne kuma, a jajibirin Kirsimetin 2023, aka kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutum fiye da ɗari. Barikin Ladi tamu ce, cikin mazaɓar nan take. A lokacin da ya kamata sanatansu ya miƙe a gaban abokan aikinsa ya kira sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ya nemi a gayyato shugabannin tsaro su yi bayani, ba su da sanata. Wasu sun yi magana a madadinsu, Allah ya saka musu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muka ga rikicin Jos na Satumban 2001, muka ga na Nuwamban 2008 da Janairun 2010, muka kwashi gawawwakin tashin bam a kasuwar Taminus ranar 20 ga Mayun 2014, mun san cewa jinin da aka zubar a ƙauye ba ya tsayawa a ƙauye. Yana biyo hanya ya shigo gari a bakin masu jita-jita, sai ka ga an rufe shaguna, an sa dokar hana fita, mai neman na cefanen yau ya kwana da yunwa.

Na uku, yawan sauyin nan yana cin mu ta inda ba a gani. Majalisar Dattawa wuri ne da ake girmama daɗewa. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Cikin sanatoci 109, manyan muƙamai da kwamitoci masu maiƙo sukan tafi ne ga waɗanda suka san kan gidan. David Mark na maƙwabciyarmu Binuwai ya shekara ashirin a majalisar, takwas daga ciki yana shugabanta. Ahmad Lawan yana Majalisar Tarayya tun 1999 kafin ya shugabanci dattawa a 2019. A nan gida ma, marigayi Ibrahim Mantu na Filato ta Tsakiya ya riƙe Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa har zuwa 2007. Mu kuwa kusan duk bayan shekara huɗu sai mu aika sabon ɗalibi ya fara daga aji ɗaya. Kafin ya gane hanyar ofishinsa, ya san wane ma'aikaci ke riƙe da wane fayil, an buga gangar wani zaɓen. Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce a bar wanda bai yi aiki ba ya dawwama don kawai ya tsufa a kujera. Cewa nake, mu masu ƙuri'a ya kamata mu yanke hukuncin wanda zai koma da wanda zai dawo gida, bayan mun duba abin da ya yi. Amma sau nawa aka bar mana wannan hukunci? Yawanci a ɗakin otal ake gama magana da daliget, sai dai mu wayi gari mu ga fosta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ake kira aikin sanata. Mun gaji da auna wakili da buhun shinkafa da babura. Ba mu raina ba, mai yunwa ba ya raina loma. Amma Babbar Kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone tun watan Fabrairun 2002. Yaron da aka haifa a shekarar ya gama jami'a, wani ma ya yi aure, kangon yana nan, 'yan kasuwa suna baje kaya a bakin titi ana kora su kamar kaji. Na san kasuwar ta gwamnatin jiha ce, ba sanata zai gina ta ba. Amma sanata yana da baki, yana da ƙofofin da ke buɗe masa a Abuja waɗanda ba sa buɗe wa kowa. Haka maganar ambaliya. A damunar 2012 ruwa ya ci mutane da gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, kuma har yau idan hadari ya haɗu da dare, masu gidaje a bakin rafi ba sa barci. Akwai asusun kula da muhalli na tarayya da aka tanada don irin wannan. Wa ke bibiyarsa a madadinmu?

Shekarun baya, mu uku muka ɗauki takardar koke a kan wata kwalbati da ta rufta a unguwarmu zuwa ofishin mazaɓa na wani ɗan majalisa. Ba zan kama suna ba, ba kuma zan ce ko na wace majalisa ba ne. Allon sunansa na nan, hotonsa ya fi ƙofa girma, amma ƙofar da kwaɗo, kwaɗon kuma ya yi tsatsa. Mai gadi ne kaɗai, yana gasa masara a gefe. Ya ce, "Baba, oga sai lokacin kamfen." Ya karɓi takardar ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, na leƙa ta taga na ga ta faɗa kan 'yan'uwanta da ƙura ta rufe. Da kuɗin karo-karo muka gyara kwalbatin.

Akwai magana ɗaya da na san wasunku ba sa son ji, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan zaɓe ya zo, ana zuwa Bauchi Road da Dilimi da 'Yan Shanu da Nasarawa da motocin kiɗa, ana ce mana 'yan'uwa. Idan zaɓe ya wuce, yaron da kakansa ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa ya je neman takardar shaidar zama ɗan jiha don gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai a tambaye shi asalin garinsu. Na san maganar nan tana da nauyi, na san 'yan'uwanmu Birom da Afizere da Anaguta suna da nasu tsoron game da ƙasar kakanninsu, kuma tsoron ba na banza ba ne. Shi ya sa ma maganar ta fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma. Batu ne na kundin tsarin mulki, kuma a Majalisar Tarayya ake taɓa kundin. Babu sanatan da ya fi na Filato ta Arewa cancantar ya jagoranci wannan tattaunawa, don babu mazaɓar da ta biya farashinta kamar tamu. Shirun da ake yi bai kashe maganar ba, ya dai bar ta a hannun masu hura wuta.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu laifin. Mun karɓi taliya da atamfa mun dangwala. Mun bar 'ya'yanmu sun zama 'yan jagaliya, wasu suka zarce sara-suka. Mun saurari masu cewa zaɓen wane kafirci ne, kamar yadda a can ɗaya ɓangaren aka saurari masu cewa zaɓen wane sayar da ƙasa ne. Wannan namu ne, za mu ji da shi a masallatai da majalisunmu. Ga naku.

Ku shugabannin jam'iyyu, dukkanku ba PDP kaɗai ba, muna roƙonku ku gyara gidajenku tun yanzu. Ku yi zaɓen shugabanninku daga gunduma zuwa jiha a fili, bisa doka, hukumar zaɓe tana kallo. Idan kotu ta ba da umarni, ku bi, ko ku ɗaukaka ƙara ku ga ƙarshenta kafin ku sayar wa kowa fom. Kada ku sake kawo mana ɗan takarar da igiyar shari'a ke ɗaure a ƙafarsa ba tare da kun faɗa mana ba. Duk jam'iyyar da ke da ƙara a kotu a kan shugabancinta, ta fito a rediyo ta sanar da jama'a, da Hausa da sauran harsunan jihar, mu san abin da muke saye. Zaɓen fid da gwani kuma a yi shi da rana, a wurin da 'yan jarida za su shiga, a ƙirga a gaban kowa.

Ku masu neman kujerar, muna so kowannenku ya yi mana alkawari a bainar jama'a cewa idan ya je, zai kai ƙudiri ko ya mara wa ƙudirin gyaran kundin tsarin mulki baya, ta yadda za a gama duk shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Yanzu doka ta ba kotun zaɓe kwana 180, ta ba ɗaukaka ƙara kwana 60, ga kwana 21 na shigar da ƙara. Zaɓen da aka yi a Fabrairu, shari'arsa ba ta ƙarewa sai wajen Oktoba ko Nuwamba, alhali an rantsar da majalisa tun Yuni. Ko a matso da zaɓe baya, ko a rage kwanakin. Sannan a fayyace a doka, ƙarara, cewa rikicin tsayar da ɗan takara a gama shi kafin ranar zaɓe, kada a dawo da shi bayan talaka ya riga ya dangwala. A kuma samar da hanyar da za a gyara idan Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli suka saɓa a kan magana ɗaya.

Wanda ya taɓa riƙe wani muƙami a cikinku, kansila ne ko ɗan majalisa ko kwamishina, ya zo mana da lissafinsa a rubuce: ƙudiri nawa ya kai, wanne ya zama doka, aikin mazaɓa nawa aka ware da sunansa, a ina yake, mu je mu gani da idonmu. Wanda ya sauya sheƙa, ya faɗa mana dalili. Wanda ya ci kuma, ya buɗe ofishin mazaɓa da mutum a ciki, mai karɓar takarda ya ba da shaidar karɓa. Ya riƙa zama da jama'a aƙalla sau ɗaya a shekara a kowace ƙaramar hukuma cikin shidan nan, zaman da ba na rabon kaya ba, wanda za a yi masa tambaya ya amsa. Idan ya zo Jos ta Arewa, muna so ya tara mu wuri ɗaya da mutanen Tudun Wada da Unguwar Rukuba da Kabong, ya faɗi magana ɗaya kowa ya ji. Mun gaji da ɗan takarar da ke da jawabi biyu a aljihu, ɗaya na ƙofar masallaci, ɗaya na harabar coci.

Majalisarmu tana zama kullum bayan La'asar, in ban da ranar Juma'a. Benci biyu ne da tabarma, sai shayi idan mai shayi ya fito da wuri. Duk wanda ya shirya amsa waɗannan tambayoyi a cikinku, ya zo ba da 'yan rakiya da jiniya ba, za mu ba shi wuri. Inna ta ce in ya zo a shigo da shi cikin gida, tambayarta tana nan ba a amsa mata ba.

Wassalam. Mun gode, Allah ya ba da ikon gyarawa.

Naku,
Tsohon malamin firamare, a madadin abokan zamansa,
Jos ta Arewa, Jihar Filato.